Nomau Mai Gadin Kwamfuta

A ƙauyen Tungar Bagaruwa akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana salla a kan lokaci, yana noma 'yar gonarsa, kuma ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ba ya leƙa bayan magana ya ga abin da kake nufi. Sannan duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna ke nan, ko bayan shekara goma zai maimaita maka shi yadda ka faɗa.

Gidansa mutum uku ne, shi da matarsa Delu da 'yarsu Larai. Delu mace ce mai zafin nama da zafin baki, amma zama da Nomau ya koya mata auna magana kafin ta sake ta. Tun suna amarci ta ɗauki darasin, ran da ta shanya gero za ta unguwa, ta ce masa ya zauna a bakin ƙofa kada ya bar akuya ta shigo. Ashe akuyar tana ciki tun kafin ta fita. Da ta dawo ta tarar da shi zaune a zaure da sanda a hannu, akuya kuwa ta yi ƙat da gero a tsakar gida. Ya ce ai yana jin motsinta tun ɗazu, amma shigowa aka ce ya hana, kuma ko ɗaya ba ta shigo ba.

Larai shekararta tara, ta maimaita aji biyu har sau biyu, ba ta iya haɗa harafi biyu su ba da kalma ba. Ajin nasu yara casa'in ne da malami ɗaya, ita kuma can ƙurya take zama, inda ko muryar malamin da ƙyar take isa. In ta wuce sai mutane su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nomau ya saba da a yi masa dariya, wani lokaci har taya su yake yi. Amma wannan maganar tana yi masa ciwo ƙwarai, don yana ganin shi ya shafa wa yarinyar abin da ba ta roƙa ba.

Aikinsa gadin makarantar firamaren garin. Hedimasta, Malam Isiyaku, shi ya ɗauke shi, don ya lura in ka ce wa Nomau kada ya gusa, to ko gobara ta tashi yana nan. Shi kuwa Malam Isiyaku mutumin kirki ne, sai dai tsoron kada abu ya lalace a hannunsa ya yi masa katutu. Akwai ƙwallon da aka ba makarantar shekara biyar da suka wuce, har yau tana cikin ledarta a ofis.

Wata rana, ana tsakiyar bazara, wata mota ta tsaya a ƙofar makarantar. Wata mata ta fito, sunanta Malama Sa'adatu, daga wata ƙungiya a birni. Ta zo da kwamfutoci takwas, shafaffu kamar allo, irin waɗanda ake taɓawa da yatsa, da farantin sola na yi musu caji. Ta shiga aji biyu don ta nuna yadda suke aiki, ta tsallake duk masu ɗaga hannu, ta kira yarinyar da ke ƙurya. Nomau yana leƙe ta taga, da ya ga Larai ce sai ya ƙara matsowa. Muryar mace ta fito daga kwamfutar ta ce a taɓa harafin ba. Larai ta taɓa wani daban, ta runtse ido tana jiran tsawa. Muryar ta ce, "Sake gwadawa." Sau huɗu tana kuskure, sau huɗu ana ce mata haka, ba faɗa ba tsaki. A na biyar ta dace, sai kwamfutar ta yi tafi ta ce madalla. Tunda aka sa Larai a makaranta ba a taɓa ce mata madalla ba sai ranar, kuma uban yana tsaye ya ji da kunnensa.

Da Malama Sa'adatu za ta tafi, ta ce wa hedimasta za ta dawo bayan hutun damina. In ta tarar yara sun ƙaru da su, sun zama na makarantar. In kuwa ba su ƙaru ba, za ta kwashe ta kai wata makaranta, don masu jira suna da yawa. Nomau ya haddace maganar, ya tafi gida yana maimaita ta a hanya. Daga ranar ba shi da wani buri sai kwamfutocin nan su zauna a Tungar Bagaruwa.

Wata rana da hantsi hedimasta ya taɓa ɗaya ya ji ta ɗau zafi, hankalinsa ya tashi. Ya kira Nomau ya ce zafi yana kashe irin waɗannan abubuwa, ya nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a makarantar ya ajiye su. Nomau ya bi ɗaki-ɗaki yana dafa bango. Ya gwada gindin darbejiya, ya gwada bayan randa, duk bai gamsu ba. Can ya leƙa rijiyar makaranta, iska mai sanyi ta bugi fuskarsa. Ya jera su a kwando, ya ɗaura igiya, ya zura a hankali har ya rage kamu ɗaya su taɓa ruwa, ya ɗaure igiyar a itacen bakin rijiya, ya tafi sallar azahar da ransa fari. Bayan tafiyarsa wata tsohuwa ta zo ɗiban ruwa, ta ga igiya a zure, ta zaci wani ya manta gugansa, ta jawo. Tana kai hannu cikin kwandon, abu ya kawo haske, muryar mace ta yi mata barka da zuwa. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ranar ba a san inda ta bar sandar ba. Allah ya taimaka kwandon ya faɗo waje ba ciki ba. Kwana uku ba macen da ta kusanci rijiyar.

Hedimasta ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Da aka gama, Nomau ya tambaya a hankali ko akwai inda ya fi rijiyar sanyi da shi bai gani ba.

"Babu," in ji Malam Isiyaku.

"To ranka ya daɗe, ina na kuskure?"

Hedimasta ya juya ya shige ofis.

Wata rana, ranar Juma'a ce an tashi, hedimasta ya nuna masa farantin sola da ke jingine a tsakar makaranta, wayarsa ta bi ta taga ta shiga ofis. Ya ce ranar Litinin za a fara darasi da kwamfuta, don haka ya tabbata fuskar farantin tana kallon rana, kada ya bari inuwa ta taɓa shi. Abin ya tafi daidai har la'asar, lokacin da inuwar ajin ta fara rarrafowa. Nomau ya ja farantin gaba, inuwa ta biyo shi. Ya ƙara ja, waya ta ƙare. Ya tsaya ya yi tunani, ya ga ba wanda ya yi masa maganar waya, sai ya zare ta ya ɗora farantin a ka. Ya fita fili, inuwar kuka ta tare shi. Ya ratsa gonaki, ya haye rafi, rana tana yin yamma yana bin ta. Magariba ta same shi a kan wani dutse a bayan ƙauyen gaba, ya miƙa farantin da hannu biyu wajen jan da ya rage a sama, har shi ma ya ɓace. Ya tambayi wani mai kora shanu ko ya san hanyar da rana take bi daga nan, mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ƙara sauri.

Haka ya yi Asabar, haka ya yi Lahadi, har wuyansa ya ƙage, Delu tana gasa masa da ruwan zafi tana mita. Ranar Litinin yara suka zauna, aka danna kwamfutoci, ko ɗaya ba ta motsa ba. Hedimasta ya ga waya a yashe a ƙasa, ya dafe kai. Nomau ya rantse inuwa ba ta taɓa farantin ba ko sau ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Faɗan hedimasta bai dame shi ba kamar yadda Larai ta dawo gida ta ajiye jakarta ta ce yau ma ba a kunna ba.

Wata rana aka yi taron iyayen yara. Malam Isiyaku, da ya ga jama'a sun cika, baki ya yi masa daɗi. Ya ɗaga kwamfuta ɗaya sama ya ce zamani ya zo Tungar Bagaruwa, babu tambayar da za ka yi wa wannan na'ura ba ta ba ka amsa ba, kuma ta kowa ce a garin nan. Mutane suka yi tafi suka watse suka manta, ban da mutum ɗaya. Ranar kasuwa Nomau ya bi rumfa-rumfa yana isar da saƙo, ranar Asabar kuwa da hedimasta ba ya nan, layi ya kai bakin hanya.

Na farko mahauci ne, ragonsa ya ɓata kwana biyu. Ya durƙusa ya gaida kwamfutar, ya faɗi kamannin ragon, ya dangwala yatsa. Ta ce sake gwadawa. Ya ce ai kuwa bai duba bayan makabarta da kyau ba, ya tashi da sauri. Wani mai albasa ya tambaya ko ya ɓoye kayansa sai ta yi tsada, yatsansa ya faɗa kan harafin da ake nema, ta yi masa tafi ta ce madalla, ya fita yana taƙama. Sai wani dattijo da matarsa ta yi yaji, ya je biko sau biyu ana koro shi. Ya matso da baki ya yi raɗa, ya taɓa. Ta ce sake gwadawa. Ya ce anya kuwa, ya sake taɓawa, ta sake faɗa. Ya ce to tunda har sau biyu, ba shi da ta cewa. Washegari ya je, surukarsa ta rako shi da muciya har bakin gari. Ranar Litinin ya zo ofis da ƙulu a goshi yana neman a bi masa hakkinsa, hedimasta kuwa yana tsaye yana kallon fuskokin kwamfutoci sun yi maiƙo da kitsen nama da man ƙuli.

Da aka tambayi Nomau, ya maimaita jawabin hedimasta na ranar taro tun daga sallama har tafi. Ba wanda ya iya cewa ya ƙara ko harafi.

Wata rana, saboda abin da ya faru, Malam Isiyaku ya sa wa kwamfutocin lambar sirri, ta yadda ba mai buɗewa sai wanda ya san ta. Da yake ya san kansa da mantuwa, kuma yana tsoron ya rubuta wani ya gani, sai ya kira Nomau ya raɗa masa lambobi huɗu ya ce ya riƙe masa. Ya ja kunnensa ya ce kada ya faɗa wa kowa, kowa fa, ko Mai Gari ne ya tambaya. Bayan kwana biyu lambar ta gudu daga kan hedimasta. Ya kira Nomau yana murmushi ya ce ya tuna masa.

"Ranka ya daɗe, ka ce kada in faɗa wa kowa."

"Ai ni na ba ka."

"Haka ne. Amma ba ka ce ban da kai ba."

Hedimasta ya lallaɓa, ya yi barazana, ya ce to yanzu ya janye maganar farko. Nomau ya ce da ma ya san za a gwada shi, don ranar ma an ce ko Mai Gari ne. Kwana tara kwamfutoci suna rufe. Nomau ya rame, don kullum Larai sai ta tambaye shi yaushe za a buɗe, ga lambar tana zaune a bakinsa kamar garwashi. Kansa ya ɗaure ƙwarai. In ya faɗa ya ci amana, in bai faɗa ba zango yana ƙarewa, matar birni za ta zo ta kwashe. A rana ta goma Delu ta yafa gyale ta zo makarantar da kanta. Ta sa ya maimaita mata maganar hedimasta daki-daki, sannan ta tambaye shi ko kwamfuta mutum ce. Ya daɗe yana nazari, don dai tana da murya kuma tana gaisuwa. A ƙarshe ya yanke cewa abin da ba ya ci ba ya sha ba mutum ba ne. Delu ta ce to ya shiga ya faɗa wa kwamfutar ita kaɗai, ya ɗaga murya don ƙila kunnenta da nauyi. Ya shiga ya rufo ƙofa ya kwarara lambobin, hedimasta yana laɓe a bayan ƙofar da biro.

Daga nan Malam Isiyaku ya ce ya gaji. Ya cire lambar gaba ɗaya, ya ce ƙarfe ya fi lamba amana. Ya samo akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa tsumma, ya jera kwamfutocin, ya sa kwaɗo, ya tura akwatin ɗakin ajiya kusa da ofis. Nomau ya tuna masa maganar Malama Sa'adatu kalma-kalma. Hedimasta ya ce gara ta zo ta tarar da su sababbi da ta tarar da su a fashe. Haka sauran zangon ya ƙare ba a kunna ko ɗaya ba. Larai ta koma ƙuryarta, ta daina tambaya, kuma shirun nata ya fi tambayar yi wa uban zafi.

Wata rana, ranar da za a ba da hutun damina, Malama Sa'adatu ta bugo waya ta ce kada a bar kwamfutocin a kashe har sati shida, batir zai lalace. Hedimasta kuwa garinsu zai tafi noma. Ya duba hagu ya duba dama, ba wanda zai bar wa sai Nomau. Wannan karon ya zauna ya tsara maganarsa tsaf, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Ya jawo wayar farantin sola zuwa ɗakin ajiya don caji, ya ba shi makullin akwati ya ce abu uku ne. Na ɗaya, kullum bayan la'asar kowace kwamfuta ta kasance a kunne, da haskenta, har a fara koro shanu gida. Na biyu, kada ko ɗaya ta fita daga ɗakin nan. Na uku, kada yaro ya shiga ɗakin nan. Ya sa shi ya maimaita, ya ji ba kuskure, ya hau babur ya tafi hankalinsa kwance.

Ranar farko Nomau ya jera su a ƙasa ya kunna. Duk takwas suka yi masa barka da zuwa, kowace ta ce ya taɓa wani harafi. Shi bai san ko alif na boko ba, sai ya zauna yana kallonsu. Jim kaɗan ta farko ta yi duhu, ta biyu ta bi ta. Ashe in ba a amsa musu ba barci suke yi. Ya dangwala wannan ta farka, kafin ya kai ta takwas ta farko ta sake mutuwa. Haka ya yini yana rarrafe daga bango zuwa bango, gumi yana ɗiga, muryoyi takwas suna ba shi umarni a lokaci guda, shi kuma yana son ya bi kowanne. Kwana biyu yana wannan fama. Ya koma gida gwiwoyi a kurje ya ba Delu labari, ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya nemi mataimaka mana. Manya duk suna gona, yara kuwa an hana su shiga.

Da safe ya je ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juya magana ukun nan a kansa. Ɗakin yana da taga huɗu masu sandunan ƙarfe, kowace da ɗan dakali daga ciki. Ya ɗauki kwamfuta ɗaya ya jingina a dakalin, fuskarta tana kallon waje. Ya fita ya zagaya, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan, ya taɓa ta. Ya dawo ya duba, tana cikin ɗaki. Abin da ya rage masa shi ne ko hannun yaro yaro ne. Ya yi ta auna wannan har azahar, ya ga in da hannu yaro ne, da kowane yaro biyu ne. Da la'asar ya jera bibbiyu a kowace taga, ya je ya kamo hannun Larai, ya roƙe ta ta taimaka wa babanta kada waɗannan abubuwa su yi barci.

Larai ta kira ƙawayenta. Yaran da ke dawowa daga gona suka ga haske a taga suka ratse, da fartanya a kafaɗa. Kafin sati ya zagayo sai da Nomau ya riƙa jera su layi, wanda aka yi wa tafi sau uku ya matsa na baya ya karɓa. Na bayan ma ba shiru suke yi ba, suna leƙe ta kafaɗa suna faɗin amsa, ana musu, ana gyara wa juna. In ruwa ya sauko su raɓe ƙarƙashin kwano su ci gaba. Shi Nomau bai taɓa kawo wa ransa karatu ake yi ba. A ganinsa yaran mutane ne suke wahala saboda shi, har kunya yake ji, yana dafo musu masara daga gonarsa yana yi musu sannu. Larai ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tafiya. Sati shida aka yi haka, ba fashi.

Ana jibi za a koma, Malama Sa'adatu ta bugo wa hedimasta ta ce tana hanya, yau za ta biyo ta wajensu. Ya baro gona ya hawo babur, niyyarsa ya fito da kwamfutoci ya goge ya jera a tebur. Yana shigowa ya ga yara sun fi arba'in sun yi dafifi a tagogi. Ya kutsa ya leƙa. Fuskokin kwamfutocin duk shatin yatsu ne da taɓon gona, ɗaya ma ta tsage a kusurwa. Nomau ya taho da fara'a yana cewa ba wadda ta fita, ba yaron da ya shiga, ba wadda ta yi barci. Malam Isiyaku ya juya masa baya. Ya yagi takarda daga littafi, ya yi rubutu da manyan haruffa, ya miƙa masa. Nomau ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya tambayi abin da ta ce.

"Je ka nemi wanda ya iya karatu ya karanta maka."

Nomau bai ga dalilin yin nisa ba. Ya juya nan tsakar makaranta, ya ɗaga takardar, ya tambaya da ƙarfi ko akwai wanda ya iya karatu a nan. Daidai lokacin motar Malama Sa'adatu ta tsaya. A bayan motar akwai kwalaye, kwamfutocin makarantu biyu ne da ta karɓo a hanya, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Ta fito ta tsaya tana kallo, ba wanda ya lura da ita.

"Kawo in gani, Baba," in ji Larai.

Ya dube ta, sannan ya miƙa mata don kada ya ba ta kunya a gaban mutane. Ta riƙe da hannu biyu, ta ɗora yatsa a kan harafin farko.

"No… ma… u. Na… sal… la… me… ka…"

Nan ta tsaya, don ta gane inda maganar ta dosa. Ta ɗago ta dubi uban. Shi kuwa ya durƙusa a gabanta, bakinsa a buɗe, hawaye yana bin gemunsa.

"Ci gaba, uwata," ya ce. "Ci gaba."

"Da… ga… ai… ki. Ka a… ji… ye ma… kul… li."

Yara suka sunkuyar da kai, hedimasta ya kau da fuska. Nomau ya ce ta sake karantawa daga farko, don bai taɓa jin abu mai daɗi kamar wannan ba.

Malama Sa'adatu ta ƙaraso. Ta tambayi Larai ko ba ita ce ta ƙuryar nan ba, ta ce ita ce. Ta tsinci kara ta yi rubutu a ƙasa, ta kira yara ɗaya-ɗaya, wasu suka karanta, wasu suka yi rabi, wasu suka faɗi haruffa kawai. Ta shiga ɗakin ta danna kwamfutocin, ta ga lissafin sa'o'in da kowace ta yi tana aiki. Ta shafa wadda ta tsage ta ce wannan ba komai, abin da ake amfani da shi ne yake tsagewa. Ta ce wa hedimasta kwamfutoci sun zama nasu, har za ta sauke musu huɗu daga na cikin mota. Sannan ta tambayi wanda ya yi dabarar taga. Hedimasta ya kama tari. Nomau ya ce ai Malam ne, ya lissafo umarni ukun nan yadda aka ba shi, ya ce shi bai ƙara komai nasa ba. Malama Sa'adatu ta dubi Malam Isiyaku, ta dubi takardar da ke hannun Larai, sannan ta sa aka sauke kwamfutocin huɗu ta yi sallama.

Bayan motar ta tafi, hedimasta ya kira Nomau gefe, ya ce maganar nan ta wuce, gobe ya zo aiki. Nomau ya ce kansa ya ɗaure, takarda ta ce ya ajiye makulli, baki ya ce ya zo aiki, wanne zai bi. Hedimasta ya ce ya bi na bakin, ya miƙo hannu ya ce ya ba shi takardar ya yaga.

Tun da aka san Nomau ba a taɓa ce masa yi kaza ya tsaya ba. Ranar ya tsaya. Ya karɓi takardar daga hannun Larai, ya riƙe ta a ƙirji.

"A bar min ita, ranka ya daɗe. Ita ce ta farko da ta karanta."

Malam Isiyaku ya sauke hannunsa. Nomau ya ninke takardar gida huɗu, ya kama hannun 'yarsa, suka nufi gida da sauri don ta karanta wa Delu tun da sauran haske.